Baba ya dage sai ya hau dutsen Hira da na Saur a Umara, ya zan tsara mana kwanakin?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni 'yar Tudun Wada ce nan Kaduna, in sha Allahu watan Disamba zamu tafi Umara ni da Babanmu da babban yayanmu, shi Yaya ne ya biya mana gaba ɗaya Allah Ya saka masa da alheri. Kwana 10 ne, 4 a Madina 6 a Makka, yanzu saura kusan wata uku. Damuwata ita ce Baba shekararsa 71, yana da ciwon suga kuma gwiwarsa ta dama tana damunsa, wani lokacin ko sallah a kujera yake yi, amma ya zauna ya rubuta tsarinsa a takarda. Ranar da muka shiga Makka Umara, washegari hawan dutsen Kogon Hira, rana ta uku dutsen Saur, ta huɗu Arfa ya hau Jabalur Rahma ya taka zuwa Muzdalifa, sauran kwanakin kuma kullum sabuwar Umara daga Tan'im, wurin da ake fita a ɗauro harami a gefen Makka. Wai kakansa da ƙafa yaje Makka tun daga ƙasar Zazzau, shi kuma jirgi zai kai shi, to ai ko dutsen ya taka. Da nace Baba abin nan bai yi yawa ba, sai ya ɗaure fuska yace ban san darajar wurin ba. Yaya kuma yace in bar tsoho ya cika burinsa, ƙila daga wannan bazai sake zuwa ba. Ni ce nake ba shi magani kullum, ni na san yadda yake kwana in ƙafar ta tashi. Bana son in saɓa wa mahaifina, kuma bana son mu dawo da shi a keken marasa lafiya. Ya zanyi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sa a je a sa'a, Ya yi miki albarka da wannan kulawar. Ki fara cire wa ranki cewa saɓa wa Baba kike yi, wanda yake tashi cikin dare ya shafa masa man zafi a gwiwa shi ya fi kowa sanin abin da ƙafar zata iya ɗauka, kuma faɗin hakan yana cikin biyayya. Amma shi ma Baba ki fahimce shi. Mutum ne da tun yana makarantar allo yake jin labarin kogon da Mala'ika Jibrilu ya sauko da farkon Suratul Alaƙ, yana jin labarin Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar da suka kwana uku a kogon Saur lokacin hijira, yau Allah Ya kawo shi bakin wurin yana da shekara 71 sai 'yar da ya haifa tace masa abin yayi yawa. Abin da kunnensa yaji shi ne ka tsufa, shi yasa ya ɗaure fuska.

Dan haka ni shawarata ki daina ja da shi a kan ko zai hau ko bazai hau ba, ki koma kan takardar da ya rubuta. Matsalar takardar nan ita ce an jera ranakun wahala huɗu a jere ba hutu a tsakani, wanda ko Yaya da ƙarfinsa sai ya ji a jikinsa. Umarar kanta tafiya ce. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kusan kilomita 3, ga ɗawafi wanda in cunkoso yasa aka tura ku bene zagayen yana ninkawa, ga tafiya daga masauki zuwa Harami da dawowa, kafin a yi aski mutum ya taka kilomita 5 ko fiye, kuma a kan dutsen marmara mai tauri ba takalmin kirki. Mai ciwon gwiwa ba a ranar yake jin abin ba, washegari ne zai tashi ƙafa ta kumbura ta ƙi lanƙwasuwa, kuma a takardar Baba wannan washegarin ita ce ranar hawan Hira.

Bari in faɗa miki yadda duwatsun suke dan ku yi magana da sani. Jabalun Nur, inda Kogon Hira yake, tsayinsa wajen mita 640 ne daga matakin teku, matakalarsa ta haura dubu ɗaya, kuma ba irin matakalar bene bace da birkila ya auna ya daidaita, wata gajera wata sai an ɗaga ƙafa sosai, wani wurin da ƙarfen riƙewa wani wurin babu. Saurayi mai lafiya yana ɗaukar kusan awa ɗaya, dattijo kuwa awa biyu ko fiye. In an kai sama ma ba a gama ba, sai an ɗan gangara an kutsa ta wani matsattsen wuri tsakanin duwatsu kafin a isa bakin kogon, shi kuma kogon ƙarami ne, mutum biyu uku sun cika shi, ga layi ga turereniya. Dutsen Saur yana kudu da Harami wajen kilomita 4, ya fi Nur tsayi, kusan mita 750, hanyarsa ta fi nisa da wuya kuma wuraren hutawa sun fi ƙaranci. Abin da mutane basa lissafawa shi ne saukowa. Hawa numfashi yake ci, saukowa kuma gwiwa take ci, dan duk taku nauyin jiki gaba ɗaya yana dira a kan ƙafa ɗaya lokacin da cinya ta riga ta gaji, mafi yawan zamewa a nan take faruwa. Kuma mota bata hawa can, in mutum ya kasa sai dai a ɗauko shi a hannu.

Ta ɓangaren addini kuma akwai abin da zai sanyaya wa Baba zuciya in an faɗa masa da ladabi. Hawan waɗannan duwatsu baya cikin rukunan Umara ko na Hajji, wanda bai hau ba Umararsa cikakkiya ce. Kuma akwai hadisin Anas a Bukhari da Muslim da kamar dan ku aka ruwaito shi, Annabi (SAW) yaga wani dattijo yana tafiya da ƙyar 'ya'yansa biyu sun tallabe shi, ya tambayi dalili aka ce bakance yayi zai tafi da ƙafa, sai yace Allah ba Ya buƙatar wannan bawan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Shi kansa Manzon Allah yayi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin ban kwana. Sannan ki tuna masa lissafin lada, sallah ɗaya a Masallacin Harami tana daidai da sallah 100,000 a wani wurin, to in dutse ya kwantar da shi kwana uku a ɗakin otal salloli goma sha biyar kenan suka wuce shi yana jin kiran sallah ta taga. Wannan ita ce asarar da nake ji masa tsoro fiye da komai. Ki kuma bincika a hankali ko bakance yayi a kan hawan ko kuwa buri ne kawai, in bakance ne to maganar malami ce, shi zai faɗa masa ko akwai kaffara a kansa.

Maganar kakansa ma tana gefenki in kin iya ɗaukarta. Mutanen da suke zuwa Makka da ƙafa ta Borno su ratsa Chadi su shiga Darfur har bakin Bahar Maliya a Sawakin, shekaru suke yi a hanya, zango zango suke tafiya, damina ta same su su tsaya su yi noma su sami guzuri, mara lafiya a jira shi ya warke, wasu ma a Sudan suka zauna har yau jikokinsu na can. Ki tambayi Baba shekara nawa kakan nasa yayi kafin ya dawo, ki bar shi ya ba ki labarin da kansa, zai ji daɗi kuma shi da bakinsa zai ambaci wuraren da aka yada zango.

Aikin farko a nan Kaduna yake, kuma wata ukun nan da kuke da shi dukiya ne. Ku kai shi wajen likitansa a wannan satin, ku tafi da takardar tsarin nasa a hannu, ku ce likita ga abin da Baba yake son yi. A duba awon suga na wata uku, a duba hawan jini, a yi gwajin zuciya, a duba gwiwar da tafin ƙafa, dan mai suga yana iya jin ciwo a ƙafa bai sani ba sai ya zama gyambo. Ki tambayi likitan yadda za a yi da magani ranar da za a yi tafiya mai nisa, saboda wahala tana sauke suga ƙasa, kar ku rage ko ku ƙara da kanku. In likita yace zuciya ko gwiwa bazata ɗauka ba to magana ta ƙare, kuma daga bakinsa ta fito ba daga naki ba. In yace a gwada, sai a fara atisaye. Kullum bayan Asuba ya taka minti 15, duk sati a ƙara kaɗan har ya kai minti 45, in Yaya yana da mota ya riƙa kai shi Murtala Square da safe inda dattijai irinsa suke zagaye, hakan ya fi masa daɗi a kan yawo a lungu shi kaɗai. Daga wata na biyu a ƙara da matakala, ko benen wani ɗan'uwa ne, a hau a sauko, a lura da yadda gwiwar take kwana. Takalmin da zai tafi da shi, kambas mai taushi da safa, yanzu za a saya ya saba da ƙafarsa, kar a sayi sabo ana gobe tafiya. Amfanin wannan atisayen biyu ne, ko dai ƙafar tayi ƙarfi, ko kuma Baba ya gano da kansa iyakar inda take kai shi ba tare da kowa ya faɗa masa ba.

Kun yi sa'a da Madina zaku fara, dan can ne wurin gwaji mai sauƙi. Ranar da kuka sauka kar a yi komai sai sallah a masallaci da barci, jirgi da layin filin jirgi sun isa wahalar rana ɗaya. Rana ta biyu ziyarar Manzon Allah da shiga Raula, ku nemi izini a manhajar Nusuk tun da wuri dan lokacin maza daban na mata daban. Rana ta uku ku ɗauki mota zuwa Uhudu, wajen kilomita 5 ne, ku yi wa Sayyidina Hamza da sauran shahidai sallama, nan kusa akwai ɗan tudun da maharba suka tsaya ranar yaƙin a shekara ta 3 bayan hijira, hawansa 'yan mintuna ne, Baba ya hau ku ga yadda numfashinsa yake da yadda yake saukowa. Rana ta huɗu da sanyin safiya ku taka zuwa Masallacin Ƙuba, wajen kilomita 3 daga masallacin Annabi, hanya ce shimfiɗaɗɗiya ta masu ƙafa da wuraren zama, ku dawo a mota. Wannan tafiyar tana da asali mai ƙarfi, Annabi (SAW) yana zuwa Ƙuba duk Asabar wani lokaci da ƙafa wani lokaci a kan abin hawa, kuma ya faɗi cewa wanda yayi alwala a gidansa yaje yayi sallah a can yana da lada kamar na Umara. In Asabar ta faɗo cikin kwanakinku sai ku juya tsarin ta dace. Ku tafi masa da rigar sanyi, Madina a Disamba da asuba akwai sanyi sosai.

Zuwa Makka in da hali ku hau jirgin ƙasa na Haramain, kilomita 450 ɗin yana cinye su cikin kamar awa biyu da rabi, bas kuwa sai ya kai awa biyar ko shida ƙafa a lanƙwashe. Ku tambayi jagoranku yadda za a yi da ɗaura harami da niyya a mikati tun kafin ranar. In kun isa ba dole sai an wuce Harami a take ba, a ci abinci a kwanta, a yi Umara cikin dare ko bayan an huta. Ni da zaki ji tawa, ɗawafi ya taka da ƙafarsa in ya samu ƙasa, sa'ayi kuma a tura shi a keke ko ku hau ƙananan motocin lantarki da ake haya a bene, ki ce masa ajiyar ƙafar ake yi saboda Hira. Washegarin Umara hutu ne cikakke, sallah kawai da kallon Ka'aba.

Rana ta uku a Makka, in gwiwa ta kwana lafiya kuma suga yana daidai, ita ce ranar Jabalun Nur, sai dai in Juma'a ce a ɗaga, dan ranar Juma'a tun hantsi ake neman wuri a Harami. Ya karya kumallo tukuna, kar ya hau da azumi ko da yunwa. Ku isa gindin dutsen gari na fara wayewa, ba cikin duhu ba saboda idon dattijo, ba kuma da rana ba. Disamba da sauƙi amma tsakar rana a Makka tana kai maki 30 a ma'aunin zafi, kuma kowa ya tuna Hajjin 2024 da zafi ya haura maki 51 mutum sama da 1,300 suka rasu, rana a can ba abin wasa bace ko da sanyi. Yaya ya goya jaka da ruwa isasshe, dabino, alewa ko lemon kwalba saboda in suga ya faɗi, na'urar awon suga, da magungunansa, Baba kuma sanda a hannu da abin ɗaure gwiwa. Kar ku riƙe leda a hannu, akwai birai a dutsen suna fizgewa kuma fizgar tana iya kayar da tsoho. Yaya a bayansa wajen hawa, a gabansa wajen saukowa, ke a gefe kina kallon fuskarsa. A riƙa tsayawa akai akai tun kafin ya nema, dan dattijan nan basa cewa sun gaji.

Abu mafi muhimmanci shi ne sharaɗin juyawa, kuma a nan gida za a ƙulla shi, dan in aka bari sai a kan dutse ba wanda zai iya juyo da Baba yana hango saman. Ku yi yarjejeniya cewa in yaji ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki ya ƙi lafawa bayan an zauna, ko gumi mai sanyi da rawar jiki, ko maganarsa ta fara rikicewa, ko gwiwar ta fara sara, to an juya ba musu. Haka in an yi awa biyu ba a kusa kaiwa ba. Duk inda aka tsaya ya zauna ya fuskanci alƙibla yayi addu'arsa, ya dai taka dutsen da ƙafarsa. In Allah Yasa ya kai sama, kar ya matsa sai ya kutsa cikin kogon in akwai turereniya, daga sama ana hango bakinsa. Ku ajiye lambar motar asibiti ta Saudiyya a waya, 997. In kuma ranar tazo jikin bai ba da dama ba, a gindin dutsen akwai wurin da aka gina mai suna Unguwar Al'adu ta Hira, da wurin baje kolin tarihin saukar wahayi da wuraren zama da banɗaki, sai ku zauna ke da shi a nan Yaya ya hau ya kira ku ta bidiyo daga bakin kogon.

Washegarin Nur hutu ne, ko yace garau yake. Rana ta biyar ku ɗauki tasi na rabin yini ya kai ku gindin dutsen Saur, ku tsaya ya kalle shi, a karanta aya ta 40 a Suratut Tauba da ta ambaci su biyun a cikin kogo, daga nan ku wuce Arfa wajen kilomita 20 daga Makka, Jabalur Rahma ɗan ƙaramin tudu ne mai matakala in ƙafa ta yarda ya hau, Muzdalifa da Mina kuma a ratsa su a mota tunda ba lokacin Hajji bane babu wata ibada da ake yi a wurin. Saur kam ni bazan ba shi shawarar hawa ba ko atisayen yayi kyau, dutse ɗaya ya isa a tafiyar kwana shida. Umarar kullum daga Tan'im ma a rage, in yana so ƙwarai a yi guda ɗaya a keke in akwai sarari, in ba haka ba ɗawafin nafila ya wadatar. Rana ta ƙarshe ɗawafin ban kwana da haɗa kaya, tsarabar ku saye ta ke da Yaya a ranakun da yake hutawa, kar a ja shi kasuwa.

Shi kuma Yaya kar ki mai da shi abokin gaba, mutumin da ya fitar da kuɗin kujera uku a wannan tsadar so yake yaga mahaifinsa cikin farin ciki, kuma maganarsa cewa ƙila ba a sake zuwa ba gaskiya ce. Ki same shi ku kaɗai ba a gaban Baba ba, ki ce Yaya nima so nake ya hau, amma in ƙafar ta ƙi a matakala ta ɗari takwas ni da kai zamu iya sauko da shi? Ki roƙe shi ya raka ku wajen likita yaji da kunnensa, sannan ki bar masa girmansa, shi zai kai wa Baba sabon tsarin kuma shi ne mai cewa a juya a kan dutse. Baba zai fi karɓa daga babban ɗansa, ke kuma bukatarki ta biya. In akwai limamin unguwa ko wani amininsa da ya taɓa hawa dutsen, a gayyato shi cin abinci ya ba da labarin yadda saukowa take, kuma a gabansa Baba ya ɗauki alkawarin sharaɗin juyawar, dattijo baya son ya karya maganar da yayi a gaban tsaransa.

In duk an yi wannan ya kafe a kan takardarsa ta farko, kar ki yi fushi kar kuma ki ce bazaki bi su ba. Ki riƙe abu biyu da bazaki sassauta ba, hutun kwana ɗaya bayan Umara da kuma fara hawa da Nur kafin a yi maganar Saur, sauran ki bar shi, dan mafi yawan lokaci wanda ya sauko daga Nur da kansa yake cewa a bar ɗayan. Kema ki samu lokacinki a gaban Ka'aba, ku raba kula da shi ke da Yaya dan kada ki dawo baki yi taki ibadar ba. Ki rubuto min abin da likita yace in kun dawo daga asibiti, in akwai abin da za a canza a tsarin sai mu sake dubawa tare. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya karɓi ibadarku.